Abin da takardun Nottoway suka koya mini

A zangon karatun da ya wuce aka ba ni aikin bin diddigin yadda jihar Virginia ta Amurka ta amince a hukumance da ƙabilar Nottoway, 'yan asalin ƙasar da zuriyarsu ke zaune a gundumar Southampton. Na ɗauka mako guda ya ishe ni. A Fabrairun 2010 majalisar dokokin jihar ta amince da rukuni biyu nasu, ɗaya a Capron ƙarƙashin Lynette Allston, ɗayan kuma Cheroenhaka da ke Courtland, shi ke nan, sai in rubuta in miƙa.

Shekarar 1924 ce ta taka mini birki. A shekarar jihar ta kafa dokar da ta raba mutane gida biyu kawai, farare da waɗanda ba farare ba. Walter Plecker, wanda ya riƙe ofishin rajistar haihuwa da mutuwa daga 1912 zuwa 1946, ya dage sai an goge kalmar "Indian", wato sunan da ake kiran 'yan asalin Amurka da shi, daga takardun mutane. Ka ga ke nan, hukumar da ta share sunan kakanka ita ce daga baya za ta ce ka kawo shaidar kai jikansa ne. Kafin wannan aikin, duk abin da ban gani a rubuce ba ina ɗaukarsa babu shi. Na daina. Yanzu sai na fara tambayar wa ya riƙe alƙalamin, me kuma yake son ya ɓace.

Ƙasarsu ma haka ta zagwanye. A 1705 an keɓe musu wajen eka 40,000, aka yi ta yanka ana sayarwa har aka rarraba ragowar a 1878. Harshensu kuwa, mafi yawan abin da ya saura kalmomi ne da wani malamin jami'a mai suna John Wood ya rubuta daga bakin shugabarsu Edith Turner a 1820.

Inda na fi ƙaruwa shi ne batun ƙungiyar da ba ta neman riba da kowane rukuni ya kafa. Da farko na raina shi, ina ganin cika fom ne kawai. Ashe amincewar jiha ba ta kawo kuɗin gwamnatin tarayya ko ikon cin gashin kai, kuma da ƙabilu shida na Virginia suka samu amincewar tarayya a 2018, babu Nottoway a ciki. To wa zai karɓi gudummawa, wa zai sa hannu a takardar fili? Ƙungiyar ce. Da irin wannan tsarin Cheroenhaka suka sayi fili kusa da Courtland, suka gina ƙauyen Cattashowrock inda 'yan makaranta ke zuwa ganin yadda kakanninsu suka rayu. Da kuɗi suka saye shi, a yankin da dā nasu ne.