Daga Sawakin zuwa Gadarif: daren da aka yi wa yaƙi waƙa

Jirgin ruwan da ke tashi daga Jidda yakan kwana a Bahar Maliya, sai gari ya waye ya iso Sawakin, a gaɓar Sudan. Shi na hau a watan Nuwamban 2024, lokacin kakar riɗi, domin in gano gwaggona da yaƙi ya koro daga Wad Madani zuwa Gadarif. Yawancin abokan tafiyata 'yan ci-rani ne, kuma tsarabarsu duk iri ɗaya ce: magungunan hawan jini da ciwon suga, madarar jarirai, fitilu masu cajin rana.

Daga Sawakin mota ta hau duwatsun Sinkat, ta gangara Haya, ta miƙe kudu. Shingayen bincike ba sa ƙirguwa. A sauke ku, a duba katin ɗan ƙasa, a tambayi garin haihuwa. Bahaushen Sudan ya san nauyin wannan tambaya tun kafin yaƙi. Kakanninmu wasu hanyar hajji ta kawo su, wasu kuma sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan Turawa sun kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, a Burmi a 1903, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Guminsu ne ya shiga audugar Jazira da dawar Gadarif. Duk da haka akwai masu yi mana kallon baƙi har gobe, kuma jinin da aka zubar a yankin Damazin a 2022 kan rigimar filaye bai bushe a zukata ba.

A Kasala ban daɗe ba. Na sha jabana, wato kofin gargajiya, a gindin duwatsun Taka, na ji kowa yana zancen kwalara, na kama motar Gadarif.

Gwaggo na same ta a wata makarantar firamare da aka mayar masaukin 'yan gudun hijira, iyali huɗu a aji ɗaya, an raba su da zannuwa. Tun da faɗa ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Burhan da dakarun sa-kai na RSF ƙarƙashin Janar Hamidti, sama da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu. Gadarif ta sha kwararar mutane kashi-kashi: na Khartum, sai na Madani da ta faɗi a Disamban 2023, sai na Sinja a tsakiyar 2024, sai na ƙauyukan gabashin Jazira da aka afka wa a Oktoba, makonni kaɗan kafin zuwana. Abin da ke riƙe da rayuka shi ne takiyya, tukunyar gayya da matasan unguwa ke ɗorawa da kuɗin da 'yan'uwa ke turowa daga waje.

Bayan mun gaisa mun yi kuka, Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, kada ka tafi masauki da wuri. Yau akwai karatu bayan isha'i."

Na ɗauka wa'azi ne. Ashe malaman makaranta da ɗaliban da jami'o'insu ke rufe ne suke shimfiɗa tabarmi a harabar, duk mai waƙar da ya rubuta ya tashi ya karanta. Babu lasifika, babu wutar lantarki, wani ya haska maka takarda da waya. Wata budurwa ta fara da Larabci. Ba ta ambaci janar ko ɗaya ba, unguwannin Madani kawai ta bi ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar wa ke shayar da itatuwan lemon gidansu yanzu. Wani makiyayi daga Butana ya biyo da dobait, waƙar nan ta baiti huɗu da makiyayan raƙuma ke rerawa, a kan dabbobinsa da aka kore.

Sai wani dattijo ɗan yankin Rufa'a, a gabashin Jazira, ya zaro takardu daga gafaka, rubutun ajami da tawada. Da karin waƙoƙin wa'azi da muka tashi muna ji a bakin almajirai ya rera ta, amma abin da ke ciki lissafi ne: Tambul, Rufa'a, Hilaliyya, wanda aka harbe a ƙofar masallaci, matar da ta haihu a hanya, gonar da ta nuna babu mai girbi. Amshin roƙo ne guda, a ajiye bindiga. Kafin ya kai rabi mata sun karɓe amshin, har Larabawan da ba sa jin Hausa suna bi. A nan na ga amfanin abin. Mutumin da ya yi wata guda bai iya ba da labarin abin da ya gani ba, sai ga shi yana faɗa da baki ɗaya da mutum ɗari, kuma ba wanda zai nuna shi da yatsa shi kaɗai.

Domin a Sudan ta yau kiran a daina yaƙi ba magana ce mai arha ba. Da yawa suna ɗaukar mai faɗin haka a matsayin ɗan koren RSF. A daren ma wani saurayi ya miƙe jikinsa na rawa, ya ce, "Baba Malam, yayana suka kashe a gabana. In an ajiye bindiga yau, wa zai fitar da su daga gidanmu?" Dattijon bai yi masa gardama ba. Ya tambayi sunan yayan, ya rubuta a gefen takardarsa, ya ce zai shiga baiti na gaba.

Ina ganin saurayin yana da gaskiyarsa, kuma ba zan ce wa wanda aka yi wa fashi ya yafe kafin a yi masa adalci ba. Amma ni a Jidda nake zaune, garin da ɓangarorin biyu suka sa hannu a watan Mayun 2023 cewa za su kare farar hula, kuma na ga abin da alƙawarin ya zama. Masu bindiga suna da gidajen talabijin da masu ba su makamai daga waje. Waɗannan mutane tabarma da takarda suke da su, kuma a kansu ne kawai na ji an kira mamaci da sunansa ba tare da an tambayi ƙabilarsa ko ɓangarensa ba.

Da aka tashi, ɗaliban suka zaga da littafi suna rubuta sunayen waɗanda suka ɓace da inda aka yi musu ganin ƙarshe. Gwaggo ta ba da sunan jikanta, ɗan shekara goma sha shida, wanda ya fita neman gawayi a Madani bai dawo ba. Suka nemi in ɗauki hoton shafukan in watsa a zaurukan WhatsApp na Hausawan Saudiyya, ko wani ya ji labari. Shafi goma sha ɗaya ne, na tura su tun kafin in bar harabar.