Layin da na goge da hannuna

Har yau in na buɗe jadawalin nan na makin fasahohin tunkarar sauyin yanayi, idona ba ya sauka ko'ina sai tsakanin layi na shida da na bakwai, inda a da akwai wani layi da ni da kaina na goge. Ba wanda ya sa ni. Ana gobe taron masu ruwa da tsaki ne, da dare, na ga ma'aunan da muka tara sun yi yawa, na ce bari in rage wa mutane wahala. Abin da ke rubuce a layin tambaya ce: akwai mai iya gyara wannan fasaha a kusa, kuma ana samun kayan gyaranta? Sai na raya a zuciyata cewa ai wannan maganar kuɗi ce, mun riga mun sa kuɗin gudanarwa a sama, kada a ƙirga abu ɗaya sau biyu. Na danna, ya tafi. Wata huɗu wannan dannawar ta cinye mana.

Aikin shi ne tantance fasahohin da ƙasa ke buƙata don tunkarar sauyin yanayi, wanda a takardun Majalisar Ɗinkin Duniya ake taƙaita shi da TNA. Ni aka ɗora wa ɓangaren noma da ruwa, wato gefen jure wa sauyin, abokin aikina kuma ya riƙe makamashi, gefen rage hayaƙi. Ba ni da uzurin cewa hanyar sabuwa ce. Tun taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi da aka yi a Marakesh ta Maroko a 2001 aka sa wannan tantancewa cikin tsarin musayar fasaha, irinsa da aka yi a Poznan ta Poland a 2008 ya ƙara mata ƙarfi, daga 2009 kuma asusun kula da muhalli na duniya, GEF, ke ba da kuɗi, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, na jagoranta tare da cibiyarta ta Kofanhegan a Denmark. Ƙasashe 36 suka yi zagayen farko, daga baya adadin ya doshi ɗari. Littattafan jagora suna nan jibge, na karanta su, har na tsaya gaban mutane na koyar da cewa fasaha abu uku ce: na'urar, sanin yadda ake aiki da ita, da tsarin mutanen da zai riƙe ta. Da bakina na faɗa, bayan mako biyu na goge biyu daga cikin ukun.

Matakin farko, na zaɓe da jerantawa, ya tafi lami lafiya har muna yabon kanmu. Ban-ruwa na ɗigo haɗe da famfon sola ya zo na ɗaya da tazara mai yawa, kuma a takarda ya cancanta. Ruwan da ke ɗiga a gindin shuka kusan kashi 90 cikin ɗari na amfanar ta, alhali a ban-ruwan malale kusan rabi ke salwanta. Farashin farantan sola ya faɗi da wajen kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. Ba mai, ba hayaƙi. Iri mai jure fari, tara ruwan sama, da isar da hasashen yanayi ga manoma ta rediyo da waya duk suka koma ƙasa. Abin da ban tsaya na duba ba shi ne su wa ke ba da makin. Injiniyoyi ne, malaman jami'a, da jami'an ma'aikatu. Mutanen kirki, masu ilmi, amma ba ko ɗaya a ɗakin da ya taɓa kwance filta ya wanke.

Sai mataki na biyu, binciken abin da ke hana fasaha yaɗuwa. Da ma na yi niyyar rubuta shi daga ofis, kamar yadda da yawa ke yi, wata malamar gona ta matsa mini lamba in je in ga wani tsohon aiki da aka yi da irin fasahar da muka ɗora a kai. Muka je.

Farantan suna nan a jere, an goge su fes, rana na dukansu. Tiyon ɗigon kuwa an nannaɗe shi an jingine a gindin bishiya, rana ta gasa shi har ya tsattsage. Dattijon da ke kula da wurin ya ciro wani guntu, ya kanga a bakinsa ya hura da ƙarfi, ko iska ba ta fita ba. Ya miƙo mini. Kowace 'yar kafa ta toshe da laka da wani farin ɓawo mai tauri kamar dutse, irin wanda ruwa mai gishirin ƙasa ke bari. Na ce, "Baba, ba ku wanke filtar ne?" Ya ce, "Ɗana, mun wanke har ragar ta yage. Wata ragar muka nema, ba mai sayarwa." Ya ja ni wurin akwatin da ke sarrafa wutar famfon, ya ƙwanƙwasa gilashinsa da yatsa, baƙi ƙirin. "Faranti lafiyarsa ƙalau. Wannan ne ya mutu. Waɗanda suka kawo sun bar mana lamba, shekara biyu ke nan ba ta shiga."

A tsaye nake amma layin nan kawai nake gani. Kuɗin gudanarwa da na dogara da shi adadi ne a takarda, wanda ya ɗauka cewa in kana da kuɗin za ka sami mai gyara. Mutanen nan sun tara kuɗin. Abin saye ne babu.

A hanyar dawowa malamar ta ƙara mini wani abin da ban so ji ba. Inda famfon ke aiki ma akwai magana, ta ce, domin injin dizal tsadar mai ce ke kashe shi, na sola kuwa sai faɗuwar rana. Ruwa ya zama kyauta, mutum ya faɗaɗa gona, ruwan ƙarƙashin ƙasa na ja da baya. Makin tanadin ruwa da muka ba fasahar na tiyon ne, mu kuma muka haɗa shi da famfon muka ba su tare. Wannan ma kuskure ne, amma na kwamiti ne, shi ya sa bai hana ni barci kamar wancan ba.

Gaya wa shugaban kwamiti ya fi komai nauyi. Na ce, "Ranka ya daɗe, jerin nan yana buƙatar gyara." Ya cire tabarau ya dube ni. "Malam, rahoton da muka riga muka aika?" Na ce shi. Na so in ɓuya a bayan "an samu sababbin bayanai", amma sai na buɗe tsohon jadawalin na nuna masa layin, na ce ni na cire. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce in nemo kuɗin taro na biyu daga kasafin da ba shi da gurbin taro na biyu. Nan wata huɗun suka tafi.

A taro na biyu muka kira makanikan famfo, malaman gona, mata manoma, da jami'i ɗaya daga ma'aikatar kuɗi, wanda da tun farko ya kamata a ce yana ciki. Layin ya dawo, kuma aka yi ta cacar baki kan nauyin da za a ba shi. Wannan gardamar, ni a ganina, ita ce ainihin aikin. Lissafin maki kwamfuta ke yi cikin ƙiftawar ido, amma nauyin kowane ma'auni ra'ayin mutane ne da aka sa wa rigar lamba, kuma wanda ba ya ɗakin ba shi da ra'ayi a ciki. Wannan karon na yi abin da jagorar ta ce a yi na tsallake a baya: na riƙa ɗaga nauyin ma'auni ɗaya ina sauke wani, in ga ko jerin zai motsa. Ban-ruwan ɗigo ya riƙa hawa da sauka kamar guga. Iri mai jure fari kuwa duk yadda na juya bai bar sama ba. Da na yi wannan gwajin na rabin awa tun farko, ko da layin a goge, da na ga na ɗayan namu ba shi da gindin zama.

Ɗigon bai fita daga jeri ba, na uku ya koma, kuma shirin aiwatarwarsa ya canza kama. Maimakon adadin famfunan da za a saya, ya zama horar da masu gyara, ajiye kayan gyara kusa da gonaki, auna ruwan rijiyoyi, da duba harajin shigo da ƙananan sassa. Ba ƙaramin bambanci ba ne, domin daga irin wannan shiri ake ciro buƙatun da ake kai wa asusun tallafa wa ayyukan sauyin yanayi, GCF, da ke Koriya ta Kudu, daga shi kuma ake cike alƙawuran da ƙasa ke miƙawa a ƙarƙashin yarjejeniyar Faris ta 2015 kan sauyin yanayi. Abin da ka sa na ɗaya yau, bayan 'yan shekaru shi za a sauke a gonar wani.

Abin da ke ci mini rai har yanzu shi ne, rahotannin ƙasashe kusan duka rashin kuɗi suke sawa a gaban jerin matsaloli, kuma da ban je gonar nan ba, abin da zan rubuta ke nan, a karɓa, a yaba. Ba ƙarya ba ce, kuɗin ba ya isa. Amma duk sanda na karanta wannan jimlar a rahoton wata ƙasa sai in ji ina son a nuna mini jadawalinsu da sunayen waɗanda suka zauna a ɗakin.

Ɗaya daga cikin makanikan da suka zo taro na biyu ya bi ni gonar Baba daga baya. Ya kwance akwatin, ya shinshina, ya nuna mini wani abu da bai kai ɗan yatsa ba, ya ƙone. Ya ce gyaran minti ashirin ne, amma sai an yi odarsa daga waje. Ranar da na miƙa rahoton ƙarshe na kira shi, ya ce bai iso ba.