Daga facin taya a Fagge zuwa rigunan masu kayak a Oban

Duk wanda ya shigo shagona a Oban, wani gari na bakin teku a Sikotilan, warin gam ne ke fara yi masa sannu da zuwa, sannan ya ga riguna a rataye jere kamar mutanen da ba su da kai. Sana'ata gyaran rigar hana jiƙa, wadda masu tuƙa kayak ke sakawa, wato siririn kwale-kwalen nan da aka gada daga Inuwit, mutanen yankin ƙanƙara na can arewacin duniya. Riga ce guda tun daga wuya har tafin ƙafa, da safarta a haɗe, da roba mai kama wuya da wuyan hannu, da zif wanda ruwa ba ya ratsawa. In lafiyarta lau, mutum ya kife a teku ya fito, kayan jikinsa a bushe ƙayau.

A nan yammacin Sikotilan ba don ado ake saka ta ba. Ruwan teku a Fabrairu da Maris yakan sauka wajen digiri 7 ko 8, ko a Agusta ma da ƙyar yake wuce 14. Wanda ya faɗa ciki ba shiri, a mintin farko numfashi ke ƙwace masa, bayan kamar minti 10 kuma yatsu su daina jin magana, ko igiyar da aka jefa masa ba zai iya riƙewa ba. Rigar ita kanta ba ta ɗumama kowa. Ruwa take tarewa, ɗumin yana wajen ulun da ka saka a ciki, ban da auduga, don ita gumi take sha ta riƙe.

Ɗinki a wajen kawuna na koya, a Fagge, a kan tsohon keken Butterfly. Amma jikin shagonsa akwai wani mai faci da bahonsa na baƙin ruwa, kuma can hankalina yake. In ya hura tiyub ya danna cikin ruwan yana juyawa sannu a hankali har kumfa ta tona asirin huda, sai in tsaya baki buɗe. Kawu ya leƙo ya daka mini tsawa: "Kai, ɗinki aka kawo ka koya ko faci?" In ce, "Ga ni nan zuwa, Kawu." Allah ya jiƙansa, bai san a bahon nan abincina yake ba.

Da na zo ƙasar nan, wani dattijo mai ɗinka rumfunan jiragen ruwa ne ya ɗauke ni aiki. Ranar da ya fara miƙo mini irin wannan riga da yaga a gwiwa, na zauna na yi mata ɗinki mai kyan da ko a babbar riga ba zan ji kunyarsa ba. Ya ɗaga ta saitin fitila, haske na fitowa ta kowane sawun allura. Bai yi faɗa ba, ya dai sa ni na ƙirga hudojin da na ƙara mata. Daga ranar na san duk inda allura ta bi, sai an bi bayanta ta ciki da tef na musamman, an manne shi da zafi daidai gwargwado. Zafin ya gaza, tef ya ɗaga. Ya yi yawa, yadin ya ƙone.

Inda nake bugun ƙirji shi ne canjin robar wuya. Nakan yanke tsohuwar in bar ɗan baki kamar faɗin yatsa, in goge shi da sanfefa, in share da sifirit, in ɗora a kan faifan katako da na sa aka yanka mini. Gam ɗin Aquasure nake shafawa, siriri, don mai cika gam bai iya aiki ba. Sai in kwantar da sabuwar roba ba tare da ko tattara ɗaya ba, in matse, in bar ta ta kwana. Ba na taɓa ta kafin gari ya waye, ko mai ita zai yi kuka. Sabuwar roba dole ta shaƙe wuya da farko. Kada ka yi saurin ɗaukar almakashi: saka ta a bakin tukunya ta kwana biyu ta saki. In har sai an rage, zobe ɗaya ake yankewa a bi layin da ke jikinta da reza mai kaifi, domin ɗan tsagin da ido bai gani ba shi ne zai yage har ƙasa ranar da kake tsakiyar igiyar ruwan Falls of Lora, wani mashigin teku mai ruwa da ƙarfi kusa da Oban.

Bayan nan sai gwajin mai faci. In toshe wuya da hannaye, in hura rigar ta kumbura, in bi ta da ruwan sabulu ina jiran kumfa. Mai yadin Gore-Tex kuwa, wato yadin da ke tare ruwa amma ya bar gumi ya fita, juya ta nake in fesa sifirit, duk inda huda take sai ɗigo mai duhu ya bayyana. Ba rigar da ke barin shagon nan ba ta ci wannan jarrabawa ba.

Ni da na ɗauka na baro ciniki a kasuwar Kwari, ashe yana nan yana jirana. Mutum ya sayo riga mai araha a intanet, wadda ko sunan kirki ba ta da shi, tef ɗinta na ɓarewa kamar ɓawon albasa tun kafin shekara, ya kawo mini ya ce ai ɗan manne ne kawai, nawa zan rage masa? Wani ma sai ya fara ɗura mata gam mai ƙamewa kamar dutse, ya gama ɓata yadin, sannan ya tuna da ni. Irin waɗannan nakan gaya musu gaskiya, araha ba ta ado, kuma ba zan sa hannuna a rigar da ban yarda ɗana ya shiga ruwa da ita ba.

Rabin abin da ake kawo mini ma sakaci ne. Rana na cin roba, man kariya daga rana na cinta, haka maganin ƙwarin nan masu cizo da ke addabar mutane a nan da bazara, musamman mai sinadarin DEET. A ɗauraye rigar da ruwan famfo bayan teku, a shanya a inuwa nesa da hita, kada a wanke da omo. Zif na tagulla a goga masa kakin zuma a ajiye shi a buɗe, na roba kuma a shafa masa man silikon a ajiye a rufe, kuma kada a lanƙwasa ko wanne. Zif ɗin da ya karye sai dai canji, kuma shi ne aikin da ya fi kowane cin lokaci.

Mai son a duba masa riga ya kawo ta a Oktoba ko Nuwamba. Wanda ya zo ranar Juma'a da yamma yana cewa gobe da asuba zai nufi Corryvreckan, mashigin tekun nan mai ruwa mai juyi, shayi kawai zai samu a wajena.