Naman kazan suri da wuraren da na gan shi

Damina uku ke nan ina rubuta duk inda na ci karo da naman kaza irin mai fitowa a gindin suri, ɗan littafi ne a aljihuna, in ɗauki hoto da waya in sa sunan wurin da ranar. Abin ya faro ne a gonar kawuna can wajen Toro a jihar Bauchi, da sassafe bayan an kwana ana ruwa, muka tarar ya fasa ƙasa ya buɗe laima, kawu ya ce "kai ɗan nan tona a hankali, jijiyarsa doguwa ce." Wallahi kuwa sai da hannuna ya nutse ban kai ƙarshenta ba.

Daga nan na gan shi a Dass gindin duwatsu, na gan shi a hanyar Tafawa Balewa, wani abokina direba ma ya turo min hoton wanda ya gani wajen Alkaleri ta WhatsApp, kan hanyar Yankari. Yawanci Yuli da Agusta ne. Azare kam na je sau biyu ban dace ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ashe gara ce ke noma shi! Tana tauna itace da busasshiyar ciyawa ta jibge a ɗakunan cikin suri, shi kuma ya ruɓar mata da su ta samu abinci, in ruwa ya sauka sai ya turo kai waje, wannan doguwar jijiyar daga can ɗakin garar take. Masana na ce masa Termitomyces, wani Bafaranshe Roger Heim ne ya raɗa sunan a 1942, kuma a Zambiya akwai ɗan'uwansa da faɗin laimarsa kan kai mita ɗaya.

Don Allah kar wani ya ga hotona ya je ya tsinko laimar kwaɗi ya zuba a miya. Akwai wani fari mai fitowa cikin ciyawa, in ya girma ƙasan laimarsa kan koma kore-kore, amai da gudawa yake sawa ba kaɗan ba. Ni kaina ko na surin sai kawu ya duba nake ci.

Jiya na koma Toro, suri biyu cikin waɗanda na rubuta an baje su da tarakta za a faɗaɗa gonar masara. Raina ya ɓaci sosai, na daɗe a tsaye kafin na ciro biro na ja layi a kan su.