Inda rubutun umarnina ya yi tuntuɓe a ƙaramar ma'ajiyar Git

Na kwana biyu ina fama da wani rubutun umarni da ke ɗauko wasu fayiloli kaɗai daga ƙaramar ma'ajiyar da aka jingina a cikin babbar ma'ajiya ta Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen fayiloli. Kullum sai ya gaza wajen rubuta `.git/info/sparse-checkout`, wato fayil ɗin da ake jera sunayen fayilolin da za a ɗauko a cikinsa. Ashe a cikin ƙaramar ma'ajiya, `.git` ba folda ba ce, fayil ne kawai mai nuni zuwa `.git/modules` na babbar, saboda haka hanyar da na rubuta babu ita sam. Na koma amfani da `git -C`, wanda ke gudanar da umarni a cikin foldar da aka ba shi, tare da `sparse-checkout set`, umarnin da ya fara zuwa a Git 2.25 a 2020, domin shi yana gano wurin fayil ɗin da kansa. Saitin babbar ma'ajiya kuma ba ya gangarowa kan ƙananan, dole ne a saita kowacce daban.