Wasiƙa daga Montireyal: su wa ke rubuta wasannin da muke bugawa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya ayyuka. Tun da aka ji ina aiki a wani kamfanin wasannin bidiyo a nan Kanada, saƙonni ba su yanke ba. Ɗan shekara sha bakwai yana so ya san ko ya ajiye karatu ya rungumi kwamfuta. Mai shekara talatin da biyar yana tambaya ko ya makara. Uba kuwa so yake ya ji, wannan abin sana'a ce ko shiririta? Na ga gara in amsa muku gaba ɗaya.

Labarin da ke ruɗar matasa shi ne na yaron da ya bar makaranta ya girgiza duniya daga ɗakinsa. Ba ƙarya ba ne. John Carmack, haihuwar 1970, zango biyu kacal ya yi a jami'a ya fita, kuma yana da shekara 23 lokacin da wasan Doom, wanda suka yi shi da abokan aikinsa, ya fito a Disambar 1993. A Ingila, Matthew Smith ya rubuta Manic Miner a 1983 yana ɗan shekara 17. Amma a wace irin na'ura? ZX Spectrum ce, mai ma'ajiyar kilobayit 48. Hoto ɗaya da ke wayarka ya ninka wannan sau da dama. Yaro mai naci zai iya sanin irin wannan na'ura ciki da bai. Babban wasa a yau aikin mutum ɗaruruwa ne na shekaru. Shi ma Carmack ba zaman banza ya yi ba, aikin albashi ya kama a kamfanin Softdisk, yana fitar da wasanni a kai a kai har hannunsa ya faɗa. Wannan ɓangaren ne masu ba da labari suke tsallakewa.

Sauran kuwa ta ƙofofi daban-daban suka shigo. Alexey Pajitnov masanin lissafi ne a cibiyar kwamfuta ta Kwalejin Kimiyya ta Tarayyar Sobiyet a Mosko, ya kusa talatin lokacin da ya ƙirƙiri Tetris a 1984, kuma da yake hukuma ce ke riƙe da haƙƙin wasan, sai a 1996 ya fara cin moriyarsa. Carol Shaw da digiri na biyu daga jami'ar Berkeley ta shiga Atari a 1978, daga baya ta rubuta River Raid a kamfanin Activision a 1982, a zamanin da ake ƙirga matan wannan aiki da yatsu. Ray Muzyka da Greg Zeschuk, cikin waɗanda suka kafa kamfanin wasanni na BioWare a Edmonton a 1995, likitoci ne, na duba marasa lafiya.

Wanda na fi son a yi wa nazari shi ne Brendan Greene, saboda kusan kowannenku ya san PUBG. Ɗan ƙasar Ailan ne, mai ɗaukar hoto da tsara shafukan intanet, yana zaune a Burazil lokacin da ya fara yi wa wasan ARMA kwaskwarima don jin daɗinsa. Shi ba gogaggen mai rubuta kod (umarnin da kwamfuta ke bi) ba ne, dabarar wasa ce da shi, dabarar ta kai shi wani kamfani a Koriya ta Kudu, kuma PUBG ya fito a 2017 ya riga ya kai arba'in. Ta wannan hanya ta gyara wasan wani Minh Le ya bi, ɗan asalin Biyetnam da ya girma a Kanada: yana ɗalibi suka fitar da Counter-Strike a 1999 shi da Jess Cliffe a kan wasan Half-Life, kamfanin Valve ya saya ya kuma ɗauke su aiki.

Ba shekaru suka haɗa mutanen nan ba, ba kuma takarda ba. Kowannensu ya kammala wani abu da wani zai iya bugawa. Farawa kowa ya iya. Eric Barone ya gama digirin kimiyyar kwamfuta bai sami aiki ba, ya riƙa nuna wa mutane kujera a wani gidan wasan kwaikwayo a Siyatil, ya kwashe fiye da shekara huɗu yana haɗa Stardew Valley shi kaɗai, kod da zane da kiɗa, har ya fito a 2016. Idan mun zauna tantance masu neman aiki, ƙaramin wasa kammalalle yana gaban manyan ayyuka biyar da aka yasar a tsakiya.

To, ƙanena mai shekara sha bakwai, kada ka bar karatu. Lissafin da kake gudu shi ne aikin. Wasan da ke nuna hoto sittin a daƙiƙa ɗaya yana da kimanin milisakan 16 ya lissafa motsi da karo da haske da sauti kafin hoto na gaba, kuma ba a yin wannan sai da aljabara da sanin yadda na'ura ke ajiye bayanai. A cikin harsunan rubuta kod, manyan kamfanoni C++ suke nema, masu amfani da injin Unity (manhajar da ake haɗa wasanni da ita) kuma C#. Akwai jami'o'in da ke ba da digirin wasanni, Abertay ta Dundee a Sikotlan ta fara tun 1997, amma a ra'ayina digirin kimiyyar kwamfuta na gama-gari ya fi, don yana ci a banki da kamfanin sadarwa ranar da wasa ya ƙi. Mai son aiki a wata ƙasa kuma, takardar tana sauƙaƙa masa biza.

Ranar ƙin nan tana zuwa, kuma a nan ne shekaru suke magana. Ba wajen shiga suke hana mutum ba, wajen zama ne. Duba ofisoshinmu, furfura kaɗan ce. Idan ranar fitar da wasa ta matso, ana iya yin makonni ana kwana a kan aiki. Saurayi ya jure, mai 'ya'ya uku sai ya fara lissafi. Albashin ma galibi bai kai na mai irin wannan ƙwarewa a wasu kamfanonin manhaja ba. Ga sallama: a Janairun 2024 kaɗai Microsoft ta rage kimanin mutum 1,900 daga sashen wasanninta, Unity ta rage kimanin 1,800. Kuma ayyukan a birane ƙalilan suka taru. Montireyal ta zama cibiya ne bayan kamfanin wasanni na Ubisoft ya buɗe reshe a 1997 da tallafin gwamnatin Kebek, saura suka biyo. Wanda aka sallama a garin da kamfani ɗaya ne, sai ya kwashi iyali. Wannan ce amsata ga iyaye: sana'a ce ta gaske, amma ba mai kwanciyar hankali ba.

Kai kuma yayana mai talatin da biyar, ba ka makara ba, sai dai kada ka saki aikinka tukuna. Markus Persson ma a lokacin hutunsa ya fara Minecraft a 2009, yana da aikin yini. Injin Godot, wanda 'yan Ajantina biyu suka fara, kyauta ne tun 2014, kuma yana tafiya a kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi. Duk shekara, wajen ƙarshen Janairu, ana yin taron Global Game Jam, inda ake haɗa wasa cikin awa 48. Ka shiga na gaba, ka turo mini abin da ka yi in buga, zan faɗa maka inda ya karye.

A gaida kowa da kowa.

Naku,
Ɗan'uwanku a Montireyal