Wata uku ina bin sawun Lee Morgan

Da aka ce mini Lee Morgan, mabushin ƙahon jazz ɗan Amurka, yana da shekara 18 ya yi faifansa Indeed!, sai na raina aikin. Ni na haura talatin, na kuma yi shekara shida ina busa ƙaho cikin 'yan badujala. Na ce abin da yaro ya busa ai ba zai gagare ni ba, zan kwashe shi da kunne.

An ɗauki faifan ranar 4 ga Nuwamba, 1956, wa kamfanin Blue Note, a falon gidan iyayen mai ɗaukar sauti Rudy Van Gelder da ke Hackensack, jihar New Jersey ta Amurka. Horace Silver ne a kan fiyano, Philly Joe Jones a kan ganguna. Wata huɗu da 'yan kwanaki kafin nan Clifford Brown, mabushin ƙahon da Morgan ke koyi da shi, ya rasu a hatsarin mota, kuma kana jin ƙamshin busarsa a bakin yaron.

Na fara da kiɗe-kiɗen faifan masu sauri, don a nan nake ganin bajintar take. Na rage gudun sautin a waya zuwa rabi, ina maimaita daƙiƙa biyar sau ashirin. Yatsu uku ne kawai ke aiki a kan maɓallan, kuma sun bi. Leɓe ne ya ƙi. A mako na biyu ya kumbura har shayi mai zafi ya gagare ni, matata tana ta dariya wai na yi dambe da zuma.

Sai na kai wa wani tsohon mabushi da ya yi ritaya daga aikin soja. Ya saurare ni, ya ce in sa masa “The Lady”, mai sanyin nan da nake tsallakewa. Ya ce in bi. Ban kai ko'ina ba numfashina ya yanke, sautin yana rawa kamar fitila a iska.

“Baba, yatsuna ne ba su saba ba,” na ce.

“Ɗana, yatsunka lafiya lau. Kana danna ƙarfen a leɓe kamar mai buga hatimi. Saki, iska ta fito daga ciki.”

Ya hana ni taɓa faifan har wata guda. Kullum da safe sauti ɗaya zan riƙe, in ja shi har iska ta ƙare, in huta daidai tsawon busar. Abin gundura ne, ba zan ɓoye ba. Amma da na koma, sai na fara jin abin da sauri ya rufe mini: inda Morgan ke shaƙar iska, da inda yake yin shiru ya bar wa Silver fili.

Yanzu ina iya bin “The Lady” kusan rabi. Masu saurin kuwa har yau wayata tana kan rabin gudu.